Alhakin Mai Tsara Zane Kan Abin da Launi da Tambari Ke Faɗa wa Jama'a

Kafin babban kamfani ya saki talla ko ya fito da sabon mazubin kaya, akan miƙa rubutun da ke jikinsa ga lauyoyi su bi shi kalma bayan kalma, domin kada a bar jimlar da za ta kai kamfanin gaban alƙali. Abin da ba kasafai ake miƙa wa lauya ba shi ne launin da aka zaɓa, da girman haruffa, da hoton da aka ɗora a tsakiya, da lungun da aka tura gargaɗi, alhali kuwa da waɗannan ido ke fara cin karo, kuma da su mai saye ke yanke shawara tun kafin ya karanta layi ɗaya. Wannan fili da doka ba ta cika leƙawa ba yana hannun mai tsara zane, wato ma'aikacin da ke haɗa rubutu da hoto da launi ya fitar da tambari, da fosta, da kwalin kaya, da takardar bayanin magani, da fuskar manhajar waya. Ra'ayina shi ne a nan alhakinsa ga al'umma da ga muhalli ya fi nauyi: shi ke da alhakin abin da zanensa ya sa mutane suka gaskata, ko da babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikin rubutun.

Tarihin alamar sake sarrafa kaya, wato kibiyoyin nan uku masu bin juna da ake gani a jikin kwalaye da robobi a duk duniya, ya isa hujja. A shekarar 1970 wani kamfanin yin kwali na Amurka mai suna Container Corporation of America ya shirya gasa ga ɗalibai, kuma Gary Anderson, ɗalibi ɗan shekara 23 a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, shi ya lashe ta da wannan zane. Manufarsa mai kyau ce, kuma alamar ta dace da takarda da kwali, waɗanda da gaske ake iya narkarwa a sake yin wasu da su. Amma alamar ba ta zama mallakar kowa ba, saboda haka kowa na iya ɗora ta a inda ya ga dama. A 1988 ƙungiyar masana'antun roba ta Amurka ta fito da lambobi daga 1 zuwa 7 domin bambanta nau'o'in roba, sai ta zagaye kowace lamba da kibiyoyi uku masu kama da na Anderson. Lambar ba ta faɗin komai sai irin sinadarin da aka yi robar da shi, amma abin da mai saye ke karantawa daga kibiyoyin shi ne cewa wannan mazubi zai koma masana'anta a sake amfani da shi. A zahiri, masu lamba 1 da 2 ne aka fi samun masu karɓa, sauran kuwa galibinsu juji suke ƙarewa, ko wuta, ko magudanar ruwa da ke kai su teku. Rahoton ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, OECD, na 2022 ya nuna cewa kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na wannan shara daga mazubai da kayan naɗe haja take fitowa.

Babu wanda ya rubuta ƙarya a jikin waɗannan robobi, amma duk da haka an shafe shekaru da dama miliyoyin mutane suna saye da kwanciyar hankali, suna zaton matsalar tana da mafita a wani wuri da ba sa gani. Sai a 2013 hukumar ASTM mai tsara ƙa'idojin kayan masana'antu ta maye gurbin kibiyoyin da alwatika mai layi ɗaya a tsarinta na lambobin roba, sannan a 2021 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana ɗora kibiyoyin a kan kayan da ba a sake sarrafa su da gaske a jihar. Tambayar da ke damuna ita ce ta tsawon lokacin da ke tsakani. Masu tsara zane nawa ne suka ɗora wannan alama a kan ledar da aka haɗa da roba da gwangwanin alminiyam mai laushi, wadda kusan babu masana'antar da ke iya raba ta, ba tare da sun tambayi ko akwai mai karɓarta ba? Ina ganin mafi yawansu ba su yi niyyar yaudara ba. Sun ɗauki alamar a matsayin ado da ake cike gurbi da shi a bayan mazubi, kuma wannan rashin tambaya shi ne laifin.

Launin kore ma ya sha irin wannan aiki. A shekarar 2000 kamfanin mai na BP ya ajiye tsohon tambarinsa mai siffar garkuwa ya ɗauki wani mai kama da fure ko hasken rana cikin kore da rawaya, tare da taken da ke nuna cewa hankalinsa ya wuce man fetur, alhali haƙar mai da iskar gas ne suka ci gaba da zama ƙashin bayan kasuwancinsa. Bayan shekara goma, a watan Afrilun 2010, rijiyar man da BP ke haƙawa da dandamalin Deepwater Horizon ta fashe a mashigin tekun Meziko, ma'aikata 11 suka rasu, ɗanyen mai ya yi kwana 87 yana malala cikin teku. Ba mai zanen tambari ne ya fasa rijiyar ba, kuma babu adalci a ɗora masa wannan. Abin da ke wuyansa shi ne sunan tsabta da ya taimaka aka gina wa kamfanin kafin aikin kamfanin ya cancanci sunan. Wannan ɗabi'a ta yaɗu har ta zama ruwan dare: ganye a gefen kwalba, hoton dutse da ƙorama, takarda mai launin ƙasa da aka rina domin ta yi kama da wadda aka sake sarrafawa, da ƙaramin hatimi mai zagaye wanda babu wata hukuma da ta bayar, mai zanen ne ya ƙirƙiro shi a kwamfutarsa. Binciken da Hukumar Tarayyar Turai ta yi a 2020 ya gano cewa fiye da rabin iƙirarin kare muhalli da aka duba, kimanin kashi 53 cikin 100, ko dai ba su da takamaimiyar ma'ana, ko suna ɓatar da mai saye, ko ba su da tushe. A 2024 Tarayyar ta amince da dokar da aka sa watan Satumban 2026 a matsayin lokacin fara aikinta, wadda ta hana irin waɗannan hatimai idan ba wata hukuma ko tsarin tantancewa ne ya ba da su ba.

Duk wanda ke cewa zane ado ne kawai, mai saye kuma yana da hankalinsa, ya kamata ya dubi yadda kamfanonin taba suka ɗauki lamarin. Kamfanin R. J. Reynolds ya yi amfani da zanen wani raƙumi mai kama da na wasan yara, Joe Camel, wajen tallar sigarinsa a Amurka daga 1988, kuma wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 1991 ya nuna cewa kimanin kashi 91 cikin 100 na yara 'yan shekara shida da aka gwada sun iya danganta raƙumin da sigari. Sai a 1997 aka janye shi. Daga ɗaya ɓangaren kuma, a watan Disamban 2012 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta tilasta a sayar da sigari cikin kwali iri ɗaya, mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu da aka zaɓa bayan bincike ya nuna shi ne mafi rashin jan hankali, babu tambari, sunan kamfani kuma da haruffa iri ɗaya ga kowa, sannan hoton gargaɗin lafiya ya mamaye mafi yawan fuskar kwalin. Kamfanonin taba sun kai ƙara babbar kotun ƙasar sun sha kaye, kamfanin taba na Philip Morris ya gwada ta hanyar wata yarjejeniyar zuba jari ya sha kaye a 2015, wasu ƙasashe kuma suka kai maganar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, inda aka rufe ta a 2020 da nasarar Ostireliya. Babu kamfanin da zai kashe shekara takwas da dukiya mai yawa yana shari'a a kan abin da ba ya kawo masa masu saye. Taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma masu sayar da ita sun fi kowa sanin darajar kwalin da take ciki.

A shafukan intanet da manhajojin waya abin ya ƙara tsananta, domin a can ana iya gwada zane biyu a kan dubban mutane cikin yini guda a ga wanda ya fi sa su danna abin da kamfani ke so. A 2010 wani masanin tsara shafuka ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya fara tattara irin dabarun da ake yi wa mai amfani da shafi domin ya amince da abin da bai nufa ba: madannin yarda babba mai haske, na ƙin yarda kuma ƙarami mai launin toka, ko akwatin da aka riga aka cike wa mutum, ko rajistar da shigarta ke da sauƙi fitarta kuma sai an bi shafi bayan shafi. A watan Janairun 2022 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa ta sanar da tarar yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook saboda dannawa ɗaya ta isa mutum ya yarda a bibiyi bayanansa, ƙin yarda kuwa sai ya danna sau da yawa. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin wasannin Epic Games ya amince ya mayar wa masu wasa dala miliyan 245 bayan hukumar ciniki ta Amurka ta zarge shi da tsara madannai yadda mutane, har da yara, ke sayen abin da ba su yi niyya ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan madannai wani ne ya zauna ya zaɓar masa girma da launi da wuri, kuma ya san dalilin da ya sa aka ce ya yi haka.

Akwai kuma cutarwar da ke zuwa daga kyakkyawar niyya idan ba a gwada zane ba. A zaɓen shugaban Amurka na 2000, gundumar Palm Beach a jihar Florida ta ƙara girman haruffan takardar ƙuri'a domin tsofaffi su ga sunaye da kyau, wannan ya sa aka shimfiɗa sunayen 'yan takara a shafi biyu masu fuskantar juna, ramukan hudawa kuma a jere a tsakiya. Sunan Al Gore ne na biyu a shafin hagu, amma ramin da ya dace da shi na uku ne, na biyun kuwa na Pat Buchanan ne da ke shafin dama. Buchanan ya sami ƙuri'a 3,407 a gundumar da ba a san shi da magoya baya ba, kuma wani nazarin masana kimiyyar siyasa da aka buga a 2001 ya ƙiyasta cewa fiye da 2,000 daga ciki na masu nufin zaɓen Gore ne. George Bush ya ci jihar da ratar ƙuri'a 537. Da an ba wa mutane ƙalilan takardar su gwada kafin a buga ta, da wuya kuskuren ya ɓuya. Wannan ne ya sa nake ɗaukar gwaji a kan ainihin masu amfani a matsayin wajibi, musamman idan aka tuna cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a wasu al'ummomin namiji 1 cikin 12 ba ya rarrabe wasu launuka, musamman ja da kore, kuma manya fiye da miliyan 700 ba sa iya karatu. Rubutu mai launin toka a kan farin shafi yana iya burge abokan sana'a, amma ya rufe ƙofa ga dattijon da ke neman adadin ƙwayar da zai sha. Wata mai tsara zane a Amurka, Deborah Adler, ta fahimci haka lokacin da kakarta ta sha maganin kakanta namiji bisa kuskure saboda kwalaben sun yi kama, ta sake tsara kwalbar magani da sunan maganin manya-manya a sama da zobe mai launi daban ga kowane mutum a gida, kuma kantunan Target suka fara amfani da ita a 2005.

Game da kayan da ake buga zane a kansu, tun ran gini ran zane. Yawancin abin da zai sami mazubi bayan an jefar da shi an riga an yanke shi a kan teburin mai tsarawa. Baƙar robar da aka rina da sinadarin gawayi tana shanye hasken da na'urorin tantance shara ke amfani da shi wajen gane nau'in roba, don haka na'urar ba ta ganinta, sai ta wuce juji ko da irin wadda ake iya narkarwa ce. Rigar leda da ake lulluɓe kwalba da ita daga wuya zuwa gindi, idan nau'inta ya bambanta da na kwalbar, tana rikita na'urar. Takardar da aka shafe da leda domin ta yi sheƙi tana wahalar narkewa a masana'antar takarda. Robar da ba ta da launi ta fi mai launi daraja wurin masu sake sarrafawa, kuma dalilin da Coca-Cola ya bayar ke nan lokacin da ya sauya kwalbar Sprite daga kore zuwa garau a Arewacin Amurka a 2022. Mai tsara zane da ya san aikinsa zai zaɓi girman da ya dace da falle na maɗaba'a domin rage abin da ake datsewa a zubar, zai tambayi asalin takardar da ko tana da shaidar hukuma irin FSC da aka kafa a 1993 domin sa ido kan saran dazuzzuka, zai rage yawan tawada, zai kuma tambayi mai aikin ko da gaske yana bukatar adadin da ya ce a buga. Komawa intanet ma bai kawar da nauyin ba, tunda cibiyoyin adana bayanai sun ci kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya a 2024, kuma shafin da aka cika da bidiyo mai kunna kansa yana cin wuta da kuɗin data na mai kallo.

Duk da muhimmancin wannan, ina tsoron yadda ake mayar da shi gaba ɗayan maganar. Ya fi sauƙi mai zane ya sauya takarda da ya tuhumi saƙon da ke kanta. Tallar da ke nuna wa mutum cewa wayarsa mai lafiya ta tsufa saboda sabuwa ta fito tana haifar da sharar da ta fi ta takardar da aka buga ta a kai nesa ba kusa ba, ko da an buga ta da tawadar waken suya. Haka nan fosta ɗaya ta kyauta ga ƙungiyar agaji a ƙarshen shekara ba ta goge aikin wata goma sha ɗaya na ɓoye sharuɗɗan bashi cikin haruffan da ido ba ya kamawa.

Akwai uzurin da ake kawowa, kuma ban raina shi ba. Mai tsara zane ma'aikaci ne, yana da iyali da bukatu, mai ba da aiki ne ke da kuɗi da magana ta ƙarshe, kuma idan wannan ya ƙi wani zai karɓa kafin rana ta faɗi. Gaskiya ne, kuma saboda haka nake ganin alhaki yana tafiya ne gwargwadon iko. Shugaban babban kamfanin talla da ke zaɓen kwangilolin da zai karɓa ba ɗaya yake da matashin da ya fara aiki bara ba. Amma ko matashin yana da abin da zai iya yi ba tare da ya rasa abincinsa ba: ya nemi hujjar iƙirarin da aka ce ya ƙawata, ya rubuta damuwarsa ga na gaba da shi, ya kawo zane na biyu da ke sayar da kayan ba tare da ruɗi ba, ya nuna wa mai aikin cewa hukumomi sun fara cin tara a kan irin wannan. Sau da yawa mai ba da aiki bai san baƙar roba ba ta sake sarrafuwa ba, kuma babu wanda zai gaya masa idan mai zanen ya yi shiru.

Masu sana'ar sun daɗe suna wannan muhawara a tsakaninsu. A 1964 Ken Garland da wasu abokan aikinsa fiye da 20 a Landan suka fitar da sanarwa suna kokawa kan yadda basirarsu ke ƙarewa a tallar kayan masarufi marasa muhimmanci, alhali alamun hanya, da littattafan makaranta, da kayan wayar da kai suna jiran mai tsara su. A 1999 wasu fitattun masu zane 33 suka sabunta ta suka sa hannu, kuma an sake sabunta ta bayan nan. Yawan maimaita ta yana nuna mini cewa kiran lamiri kaɗai bai sauya kasuwa ba. Likita da injiniya suna da lasisin da za a iya ƙwacewa, mai tsara zane ba shi da shi, don haka mai gaskiya a cikinsu kullum yana gogayya da wanda zai yi komai a farashi mai rahusa. Abin da ya sauya kwalin sigari da alamar roba da madannin yarda doka ce da tara. Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin masu zane su kasance a sahun gaba wajen neman irin waɗannan dokoki da taimakawa wajen rubuta su, domin su suka san inda ake ɓoye yaudarar, kuma doka ce ke ba ƙaramin ma'aikaci abin dogaro idan ya ce a'a.

A ranar 5 ga Yunin 2024 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya yi kira ga ƙasashe su haramta tallar kamfanonin mai da gas da kwal, ya kuma nemi kamfanonin talla su daina karɓar kwangilolinsu, birnin Hague na ƙasar Holan kuma ya fara aiwatar da irin wannan haramci a titunansa daga farkon 2025. A nan ina da ɗan bambanci da masu cewa kada a taɓa aikin kamfanin mai ko kaɗan. Wanda ya tsara alamun gargaɗin gobara a matatar mai, ko littafin kiyaye haɗari ga ma'aikatanta, rayuka yake karewa. Wanda ya tsara tallar da ke cika ido da hoton injin iska da farantin hasken rana, alhali ƙaramin kaso ne na jarin kamfanin ke tafiya can, yana taimakawa ne a jinkirta matakin da ɗumamar yanayi ke bukata. Ma'aunin dai shi ne abin da mai kallo zai tashi da shi a ransa, da ko wannan abin gaskiya ne.

Wannan ma'auni ya kamata ya shiga makarantun koyar da zane da wuraren ba da kyaututtuka, inda har yanzu kyan gani da sabon salo suka fi rinjaye. Ɗalibin da zai tsara mazubi ya dace a kai shi wurin tantance shara ya ga abin da na'ura ke ɗauka da abin da take bari, a kuma sa shi ya miƙa aikinsa ga tsoho mai raunin gani da wanda bai iya karatu ba kafin malami ya ba shi maki. Bukatar ta ƙaru yanzu da manhajojin zane da na ƙirƙirarriyar basira suka sa duk mai waya yana iya fitar da hoto mai tambarin gidan jarida ko jadawalin ƙididdiga da aka datse gindinsa domin ƙaramin bambanci ya yi kama da babba. Alƙalan gasar zane kuma, kafin su karrama kwalin da ke iƙirarin kare muhalli, su nemi a kawo musu sunan masana'antar da ke karɓar irinsa da takardar shaidar hukumar da ta tantance iƙirarin.